Muryar Da Ta Ƙi Kwanciya

Keken da Luqman ya tara a bakin kasuwa bai yi nisa ba, direban ya miƙa hannu ya murɗa lasifikar da ya ɗaure da roba a gefen kujera. Aka saki ɗan kiɗa mai sanyi, sai ga muryar mace ta hau kai, mai kauri, ba ta gaggawa.

Ruwan Awe tafasa, ka ba ni fari,
Mai gemu ya tafi Lafiya, ya manta hanya,
In ya dawo mini hannu rabbana,
Miyarsa ta yau lami za ta kwana.

Luqman ya runtse ido. Matar da ke waƙar nan, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta bara.

"Oga, wannan waƙa ya kama gari fa," in ji direban yana kaɗa kai. "Tun safe shi nake sa. In na canja, fasinja su yi min faɗa."

"Don Allah kashe."

"Ah-ah! Ka san Maman nan ne? An ce daga Awe yake. In ka san gidansa ka nuna min, bikin ƙanwata zan kira shi ya yi wasa."

"Na ce ka kashe!"

Direban ya kashe yana ƙunƙuni. Amma me aka yi? Shagon mai cajin waya da suka wuce ita yake yi. Mai sayar da lemu a bakin titi ita ce a aljihunsa. Duk kwanar da keken ya sha, Mairo ta riga su isa.

Mairo ita ce mahaifiyar Nasiha. Nasiha kuwa ita ce wadda Luqman ya daɗe yana nema, ubanta Alhaji Na'Allah dillalin riɗi yana ja masa rai. Ba don komai ba sai sana'a. Luqman marubucin waƙa ne. Ba ya hawa dandali, ba ya rawa, shi dai ya zauna ya tsara baituka, mawaƙa su karɓa su rera. To a wurin Alhaji, da mai rubutawa da mai rerawa da mai kaɗa ganga duk maroƙa ne. Da ƙyar, da sa bakin marigayiya tun tana da rai, ya yarda yaron ya riƙa zuwa gaisuwa.

Wanda bai san harkar ba sai ya ɗauka marubuci yana shan daɗi. Luqman ya ga baitukansa sun ɗaga mutanen da ko gaisuwa ba su iya haɗawa ba, sunansa kuwa ko a jerin godiyar ƙarshe ba ya fitowa. Shi ya sa da wani kamfanin Abuja ya buɗe ɗan ofis a Lafiya, ya zama kamar ɗan gida a wurin. Aikinsu su karɓi waƙa daga hannun marubuci, su yi mata rajista da sunan mai ita, su kai wa gidajen rediyo da masu fim, su ɗora a intanet. Ya tura, aka dawo masa da ita. Ya sake turawa, aka ce irinta ta yi musu yawa. Har ya fara jin kunyar hawa benen.

Sai ranar da Nasiha ta sa masa abin kunne ta ce ya ji uwarta. A wani ɗan katin memori ne na tsohuwar waya. Nasiha ce ta ɗauki muryar, uwar ba ta sani ba, tana tsinkar zogale a tsakar gida, tana waƙar da ta ƙaga da bakinta tun tana amarya mai dafa gishiri a Awe. Luqman bai gama ji ba ya san ya samu waƙa. Ya roƙi Nasiha ta bar shi ya yi aiki da ita, ta yarda tana hawaye. Ya yanko baitin farko, ya shimfiɗa masa kiɗa, ya rubuta nasa baitukan ya kewaye shi, ya sa wani yaro ya rera. Abuja ko gardama ba su yi ba.

A nan ya yi kuskurensa. Da aka tambaye shi sunan wa za a sa a matsayin mai waƙa, sai ya tuna duk ranakun da aka share nasa. Ya ce shi ba zai ci haƙƙin mamaci ba. A sa Mairo Awe a gaba, Luqman Sabo a baya.

Haka aka yi rajista, haka aka ɗora, haka kuma masu rediyo suka riƙa faɗa.

Yau Alhaji ya aiko a kira Luqman.

Ya same shi a zaure kan darduma, carbi a hannu amma ba ya ja. A damansa ga Muhyiddin, ɗan yayarsa, mai shagon maganin feshi, cikin shadda mai sitati, makullin mota a kan gwiwa. Kowa a unguwar ya san tun Nasiha tana makaranta Muhyiddin ya sa mata ido, kuma shi ya fara kawo wa kawunsa waƙar a waya.

Luqman ya durƙusa. "Baba, ina wuni."

"Kai ne Luqman Sabo?"

"Ni ne, Baba."

"A'a, tambaya nake, don a rediyo na ji an haɗa sunanka da na matata. Tun da na auro matar nan, maƙwabcina na jikin katanga bai san sunanta na yanka ba. Maman Nasiha ake ce mata. Yau yaran tasha suna kiransa gatsau, suna taunar rake."

"Kawu, ni ranar da na ji wallahi abinci kasa shiga ya yi," in ji Muhyiddin. "Har wasu 'yan mata na gani a waya suna rawa da ita, kai ba ɗankwali."

Alhaji bai dube shi ba. Idonsa na kan Luqman, jajawur, irin na wanda barci ya yi wa ƙaura.

"Na tambaya, an ce mini wanda ya bar abin da ake saɓo da shi, ana ta rubuta masa yana kwance a kabari. Matar da ta cika da kalmar shahada a bakinta. Ka san ina ganinta?"

Luqman ya ɗago kai.

"Da na rufe ido sai in gan ta tsaye gaban kaskon gishiri, wuta na ci, tana waƙar nan. In ta kai ƙarshe ta koma farko. Leɓenta duk ya tsage. In ce Mairo ki huta mana, sai ta dube ni, bakin yana ta yi, ba ta iya tsayar da shi. Kai ka tashe ta. Kai ka sa ta aikin da ba tashi."

Shi ma Luqman bai gaya wa kowa ba, tun makonnin da ya yi da muryar a kunne yana gyarawa, in wuri ya yi shiru sai ya ji numfashin da take ja kafin ta ɗauki baiti. Numfashin kawai. Sai ya waiwaya.

"Baba, girmama ta na yi niyya," ya ce. "Na ga in na sa sunana ni kaɗai, na ci haƙƙinta."

"Da ka ci! Da ka ci haƙƙin, ni mijinta ne, sai in yafe maka a madadinta. Wa ya gaya maka tana neman suna?"

Daga can cikin gida aka ji faɗuwar kwano, ba wanda ya ɗauka.

"Saurara da kyau," in ji Alhaji. "Ba zan yi wa 'yata dole ba, ba yarinya ba ce. Amma aurenta a hannuna yake. Duk inda ka kai muryar nan ka je ka sauke ta. Wadda ke situdiyonku a goge, Muhyiddin zai je ya gani da idonsa. In akwai saura a ko'ina, ka kawo mini nan. In ka yi, ni Na'Allah ba na magana biyu, ka turo manyanka. In ba ka yi ba, ko a hanya ka gan ta ka canja titi."

Muhyiddin ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli, kamar maganar ba ta shafe shi ba.

Washegari Luqman ya hau benen ofishin. Doose, wakiliyar kamfanin, 'yar Tibi ce mai son dariya, ita ta yi ta ba shi ƙarfin gwiwa lokacin da ake dawo masa da waƙoƙi. Tana ganinsa ta tafa hannu.

"Babban marubuci! Zauna, zauna. Masu fim sun kira, suna so biyu kuma. An sa sunanka a jerin da muke tura wa furodusa, na sama-sama fa, ba na ƙasa ba."

"Anti Doose, sauke ta na zo a yi."

Ta tsaya da dariyar a fuska. "Sauke wanne?"

Ya gaya mata komai. Ta saurara, ta cire tabarau, ta ajiye.

"Luqman, kai ya haukace? Kai ka sa hannu ka ce ka samu izini na iyali."

"Na 'yarta na samu."

"Uban fa?"

Ya girgiza kai.

"Chai." Ta dafe kai. "Ka ji gaskiya. In na rubuta Abuja na ce izini bai cika ba, ba waƙa ɗaya za su cire ba, kai duka za su cire daga jeri. Kuma mutanen nan suna magana da juna. Ka kai waƙa wani kamfani, kafin ka zauna sun san kai ne mai kawo wahala. Duk shekarun da ka yi kana hawa benen nan, ka yarda?"

"Na yarda."

"Ni ban gane ku ba. A wurinmu in Mama ya mutu, muna sa muryansa a babban lasifika, gari duka ya zo. Ku kuma kuna ɓoye shi kamar ya yi sata."

"Kowa da yadda yake kukan nasa, Anti."

Ta jawo kwamfuta. "Na intanet da na rediyo zan sauke. Amma wanda ya shiga wayan mutane, wannan ko gwamna ya zo ba zai iya ba. Ka gaya wa Baba haka, kar ya ce ka yi ƙarya."

Kafin la'asar shafin ya zama wayam. Inda sunayen biyu suke a jere, babu ko ɗaya. Luqman ya tsaya yana kallon wurin. Abin mamaki, ba nasa ne ya fi yi masa ciwo ba. Ji ya yi kamar ya sake zuba mata ƙasa.

Daga nan suka wuce situdiyo da Muhyiddin. Muhyiddin ya tsaya a kan mai haɗa sauti, hannu a harɗe, yana toshe hanci kamar ya shiga makewayi, har aka goge komai.

"Saura asalin," ya ce da suka fito. "Ni ɗan kasuwa ne, malam mawaƙi. Kaya ba ya zuwa shago sai da inda aka saro shi."

Luqman ya kau da kai. Katin yana aljihun gabansa, naɗe cikin ledar magani.

Nasiha tana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Azuba. Washegari ya je ya jira har aka tashi yara, ta fito ta same shi ƙarƙashin mangwaron bakin ƙofa. Ta rame. Alli duk ya ɓata mata gefen hijabi ba ta kula ba.

"Na ji ka sauke," ta ce.

"Na sauke."

"Sun cire ka?"

"Ba komai, zan sake wata hanyar."

"Kada ka yi mini ƙarya, Luqman, ni na san dararen da ka yi." Hawaye suka zubo mata. "Ni na ja maka. Da ban sa maka abin nan a kunne ba..."

"Ke kika ba ni abin da ya fi komai kyau da na taɓa ji. Ni na kai shi kasuwa."

Ta share fuska da gefen hijabi, ta duba hagu da dama. "Katin yana wurinka?"

Ya dafa aljihu.

"Riƙe shi. Gidanmu yanzu ko jakata sai an zazzage kafin in shiga ɗaki. Wayata tana hannun Baba. Yaya Muhyiddin har nan ya zo yana tambayar shugabarmu ko ina da lokar ajiye kaya. Wurinka kaɗai ya rage."

"Nasiha, ya ce in kawo saura."

"Ka ce ya ɓata."

"Zai sa ni rantsuwa."

"To ka ƙi rantsewa! Ka bar shi ya kore ka."

"In rasa ki ke nan?"

"Wa ya ce ka rasa ni? Zan zauna. Ya ce ba zai yi mini dole ba, kuma ba zai yi ba, na san ubana. Ko shekara nawa ne zan zauna. Baba zai huce wata rana. Amma wannan in ya tafi, ina zan samo shi?"

"Waƙar tana wayar kowa a garin nan."

"Wannan ba uwata ba ce!" Muryarta ta tashi har mai gadi ya leƙo. Ta sassauta, tana shessheƙa. "Kun goge tarinta. Kun gyara mata numfashi, kun sa mata ganga. Waccan Mairo Awe ce, ta mutanen gari. Tawa tana cikin katin. Tana tari, tana korar kaza, tana cewa Nasiha miƙo mini faranti. Luqman, ba wanda zai sake kirana da wannan muryar har in mutu. Fuskarta ma ta fara ɓace mini, sai na dubi hoto. In na rasa muryar me ya rage?"

"Baba yana ganinta a mafarki. Ya ce ba ta iya yin shiru."

"Ni ma ina ganinta. Ni dariya take mini. To na wa za a ɗauka? Allah da Ya san ba ta san an ɗauka ba, Shi zai kama ta da laifina da naka?"

Ta share ido ta dube shi.

"Ka yi mini alkawari ba za ka kai masa ba."

"Nasiha..."

"Ka yi mini alkawari, in dai kana sona."

"Na yi," ya ce.

Ta hau keke ta tafi tana waiwayensa.

To amma zuciyar mai nema ba ta da haƙuri irin na wadda ake nema. Luqman ya yi ta juya maganar. Zan zauna, in ji ta. Ya ga mata da yawa da suka ce za su zauna, kuma da gaske suke lokacin da suka faɗa. Ga Muhyiddin kullum a zaure, ga uwarsa kullum a cikin gida, yau turmin atamfa, gobe maganin ciwon ƙafa. Shi kuwa an ce ya canja titi. Sana'ar ma ya bayar da ita.

Kuma akwai abin da ya sani game da katin nan wanda Alhaji bai sani ba. Baiti ɗaya ya yanka ya kai Abuja. Sauran yana nan yadda yake. Sai ya shiga gaya wa kansa abin da duk marubucin waƙa yake gaya wa kansa, cewa matsalar kawai ba a saurara ba ne. In mutum ya ji da kunnensa, dole ya sauko. Zai kai, amma ba don a lalata ba. Zai tsira da auren da katin gaba ɗaya, Nasiha ta yi masa dariyar alkawarin da ya karya.

Ya sa katin a wata ƙaramar waya, bayan sallar la'asar ya nufi gidan.

Suna nan yadda ya bar su, kamar ba su taɓa tashi ba. Muhyiddin ya ba da shaida cewa an sauke, an goge, yana yi yana taɓe baki. Luqman ya faɗi gaskiyar abin da ya shiga wayoyin mutane.

"Wannan na sani," in ji Alhaji. "Abin da ya fi ƙarfinka ba zan tambaye ka ba. Abin da ke hannunka nake tambaya. Akwai saura?"

Luqman ya zaro wayar ya ajiye a kan darduma.

"Asalin ke nan, Baba. Babu wani bayan shi a duniya. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka ji shi tukuna, ka tabbatar shi ne. Babu kiɗa a ciki."

"Kawu, kar ka yarda," in ji Muhyiddin da sauri. "Dabara ce irin tasu."

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar kamar kunama ce.

"Sa," ya ce.

Luqman ya danna.

Da farko iska ce kawai, da kukan kaza, da sautin daka daga wani gida can nesa. Sai tari, sau biyu. Sai jan numfashin nan. Mairo ta ɗauki waƙarta a hankali, ba don kowa ba, tana yi tana tsinkar ganye. Ta tsaya a tsakiya ta ce, "Kai, tafi can! Nasiha, miƙo mini faranti." Ta ci gaba.

Carbin ya zame daga hannun Alhaji.

Sai aka ji ƙarar ƙofa a cikin wayar, da takun takalmi, da muryar namiji mai cike da ƙoshin lafiya.

"Mairo, wa ake yi wa habaici da rana tsaka?"

"Wani mai gemu ne, Alhaji, ba ka san shi ba."

"Ashe? To Allah Ya shirye shi. Ga tsire na kawo, kar a ce hannu rabbana na dawo." Dariyarsu ta haɗu, tata da tasa. "Ƙara mini daga farko, na daɗe ban ji ba."

Ta kuwa ɗauko daga farko.

Luqman ya saci kallon Alhaji. Bakin dattijon yana motsi ba sauti. Gemun da ake wa waƙar ya jiƙe sharkaf. Ya miƙa hannu wajen wayar, yatsu a buɗe.

Allah kaɗai Ya san abin da Muhyiddin ya gani a hannun nan. Ko ya ɗauka umarni ne, ko kuwa ya gane sarai abin da ke shirin faruwa. Ya dai riga kawunsa. Ya fizge wayar, ya ɓalle murfin baya, muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ya zaro katin ya sa a haƙori.

Ƙas.

"Shi ke nan, Kawu," ya ce yana tofar da ɓallin a tafin hannu. "Na raba ka da fitina. Yanzu sai ta huta."

Hannun Alhaji yana nan a miƙe inda yake.

"Wa ya sa ka?"

"Kawu, ai kai ka ce..."

"Wa ya sa ka, Muhyiddin?"

Bai ɗaga murya ba, amma Muhyiddin ya zube ɓallin a kan darduma, ya ja da baya, ya laluɓi takalminsa. Makullin motar ma sai da ya dawo ya ɗauka.

Alhaji ya sunkuya ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar riɗi biyu. Ya haɗa bakinsu a tafin hannunsa, suka rabu. Ya sake haɗawa.

"Ku da kuka san na'ura," ya ce, bai ɗago ba, "ana iya ɗinke wannan?"

"Ba a iyawa, Baba."

"Ko a Abuja?"

"Ko a ina."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. Ya share gemu da hannun riga. Da ya yi magana, muryar ta tsufa fiye da yadda take ɗazu.

"Na manta ranar nan. Wallahi na manta na taɓa ce mata ta ƙara." Ya ɗago ya dubi Luqman. "Na ce in ka kawo zan ba ka. Ka kawo. Ka turo manyanka."

Maganar da Luqman ya yi shekaru yana jira ke nan. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai labulen ƙofar cikin gida ya motsa.

Nasiha ce. Ba a san tun yaushe take tsaye a wurin ba. Wanda ya ga kukan da ta yi a Azuba zai zaci za ta faɗi tana birgima, amma idonta a bushe yake ƙayau. Ta tako cikin zauren da ba ta taɓa shiga ba in da baƙo, ta durƙusa gaban ubanta, ta buɗe hannu.

"Baba, ba ni."

Ya juye mata ɓallin. Ta ƙulle su a gefen hijabinta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori.

"Nasiha," in ji Luqman, "wallahi ba don a fasa na kawo ba. So na yi ya ji. Na ɗauka in ya ji..."

"Ya ji," ta ce. "Ni ma na ji, daga bayan labule. Ko ƙarshen ban samu ba."

"Ki saurare ni."

"Abu ɗaya na roƙe ka. Na ce zan zauna, ba ka yarda da ni ba."

Ta miƙe. A bakin labulen ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Baba ya ba ka, na ji. Amma kada ka wahalar da manyanka, Luqman. Kada ka turo kowa."